Filin Anti Malama: Me Yara Ke Kwasowa Daga Labaran Da Muke Karanta Musu?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ambata a fitowar da ta wuce cewa akwai malaman jami'a da ba su da wani aiki sai zama da yara suna sauraron abin da suke faɗa game da labari, saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan sama, wasu ma da faɗa suka zo wai wannan ai ɓata kuɗin bincike ne. Toh na tsinci guda biyar a ciki, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Yarona shekararsa huɗu, littafi ɗaya tal yake so, kullum da daddare shi za a karanta masa, na sayo sababbi har shida ya ƙi ko kallonsu. Ya haddace shi tas, in na tsallake layi sai ya ce ba haka bane. Kuma baya bari a gama shafi sai ya katse ni yana yi wa zomon cikin hoton ihu wai ya gudu. Anya lafiya kuwa? Daga Maman yaro ɗaya.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, ke ce dai kika gaji, shi kam aiki yake yi. A shekarar 2011 wata mai bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, Jessica Horst, ita da abokan aikinta sun yi gwaji da yara 'yan shekara uku. Suka ƙirƙiro wasu kalmomi da yaran ba su sani ba suka laƙaba wa wasu baƙin kayayyaki a cikin labari, sai suka raba yaran gida biyu, kashi ɗaya ana maimaita musu labari ɗaya sau uku, ɗaya kashin kuma labarai uku daban daban ake karanta musu, amma yawan jin kalmomin duk ɗaya ne. Da aka zo gwadawa, waɗanda aka yi ta maimaita wa labari ɗaya su suka fi riƙe sababbin kalmomin. Yaran da aka yi gwajin da su ba su da yawa, wannan sai na faɗa miki, amma dalilin ya shiga hankali: karon farko hankalin yaro yana kan me zai faru, sai ya san ƙarshen labarin sannan yake samun sararin lura da kalma da hoto da sauran ƙananan abubuwa.

Batun ihu kuma, wani malami a Jami'ar Pennsylvania mai suna Lawrence Sipe ya kwashe shekaru yana naɗar maganganun da ƙananan yara ke yi lokacin da ake karanta musu littafin hotuna a aji, ya karkasa su gida biyar. Akwai yaron da ke fashin baƙin labarin, akwai mai cewa ai wannan kamar wancan labarin ne, akwai mai jawo rayuwarsa ciki ya ce nima kakata tana da irin wannan, akwai mai karɓe labarin ya mai da shi wasan kwaikwayonsa. Sannan akwai irin naki, wanda ya nutse har ya manta akwai takarda tsakaninsa da zomo. Sipe bai ɗauki wannan a matsayin surutu ba, a cikin alamomin fahimtar adabi ya lissafa shi. Don haka in ya yi ihun ki dakata, ki ce masa toh ya ji ka kuwa? ki ga abin da zai ce. Sababbin littattafan ki ajiye su inda hannunsa zai kai, ranar da ya ƙoshi da zomo da kansa zai jawo wani.

TAMBAYA: Malama ni uba ne, kuma gaskiya bana sayen littafi sai wanda na duba na ga akwai darasi a ƙarshe. Ɗana ɗan shekara shida ya fara ƙarya, na samo masa labarai har uku na maƙaryata da mummunan ƙarshen da suka yi, muka karanta tare, na tambaye shi darasi ya faɗa daidai. Washegari ya fasa kofi ya ce kyanwa ce. Ina amfanin labarin kenan?

AMSA: Malam ka ba ni dariya wallahi, kyanwa ta sha ɗaukar laifi a duniyar nan. Amma tambayarka ita ce ta fi kowacce nauyi a wannan makon don haka bari in ɗan zauna a kanta.

Abin da ka yi a gida, an taɓa yinsa a ɗakin gwaji. Kang Lee na Jami'ar Toronto a Kanada da tawagarsa sun wallafa sakamakon a 2014, yara 268 ne 'yan shekara uku zuwa bakwai. Ga yadda suka yi: a zaunar da yaro ya juya baya, a ajiye abin wasa a bayansa a ce ya canki ko mene ne daga ƙarar da yake yi, can sai babbar da ke yin gwajin ta ce za ta fita ɗauko littafi, kada ka leƙa fa. Ga kyamara a ɓoye. Yawancin yaran dai sun leƙa, ai ka san hali. In ta dawo sai ta karanta masa labari ɗaya sannan ta tambaye shi, ka leƙa? Wasu an karanta musu labarin yaron nan makiyayi da ya yi ta ihun ƙarya wai ga kerkeci har ranar da kerkecin ya zo da gaske babu wanda ya kula shi, wasu na ɗan tsanar katakon da hancinsa ke ƙara tsawo duk sanda ya yi ƙarya, wasu kuma labarin da ake bayarwa na Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, yana yaro, wai ya sare bishiyar babansa, da aka tambaye shi ya amsa laifinsa, uban ya rungume shi ya yaba masa. Labarai biyun farko masu ban tsoro ba su ƙara wa yaran gaskiya da komai ba. Na ukun ne kawai ya yi aiki. Kuma da masu binciken suka canza ƙarshensa suka mai da shi na horo, shi ma sai amfaninsa ya ɓace.

Kaga kenan, ka tara wa yaro labaran da ke cewa mai laifi zai sha wuya, shi kuma ga fasasshen kofi a gabansa, lissafin da zai yi ai a fili yake. Ya ji darasin sarai, kawai ba wanda ka yi niyya ya ɗauka ba.

Akwai wani gwajin kuma daga Toronto ɗin dai, na Nicole Larsen da Patricia Ganea da shi Kang Lee, wanda ya fi ba ni mamaki don ya taɓa abin da duk muka ɗauka tabbas ne, wato yara sun fi koyo daga labarin dabbobi. An ba yara 'yan shekara huɗu zuwa shida sitika goma goma aka ce in sun so su raba da wani yaro da bai samu ba, sai aka karanta musu labari kan kyauta, labari ɗaya ne sak, amma a wani kwafin dabbobi ne sanye da riga suna magana, a wani kwafin kuma an zana mutane. Waɗanda suka ji na mutane sun ƙara yawan abin da suka bayar, waɗanda suka ji na dabbobi ba su ƙara ba. Ba wai ina cewa a zubar da tatsuniyar dabbobi bane, Allah ya kiyaye, tana da nata aikin na nishaɗi da buɗe tunani da koyar da harshe. Sai dai ƙaramin yaro ba lallai ya ga kansa a jikin dabba ba, shi a wurinsa wannan matsalar dabba ce.

Sannan batun ya faɗi darasi daidai da ka ce, kada wannan ya ruɗe ka. Darcia Narvaez ta yi bincike a Amurka kan ko yara suna gano darasin da marubuci ya nufa a labaran tarbiyya, ta tarar 'yan wajen shekara takwas ba kasafai suke zaɓo shi ba, sai suna girma abin ke gyaruwa. Abin da yaro ya ƙware a kai tun da wuri shi ne sanin amsar da babba ke son ji. Shawarata, ka rage tambayar mene ne darasi, ka tambaye shi wa ya fi ba shi tausayi a labarin, ko da shi ne me zai yi. Kuma ranar da ya faɗi gaskiya kan wani laifi, to ranar ce ta gwada ko kai irin uban cikin labari na uku ne.

TAMBAYA: Anti ni malamar adabi ce a sakandare. Zan karanta wa ɗalibai labari in ga idonsu ya yi ja, wasu har hawaye, amma da na ce me ya sa tauraron ya yi kaza sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci su. A jarrabawa kuma sai su kwafe min labarin daga farko har ƙarshe maimakon sharhi. Ni ce ban iya ba ko su ne?

AMSA: 'Yar'uwa wannan ciwon na san shi, na yi shekaru ina tsaye gaban allo ina jiran hannu ɗaya ya tashi. Wadda ta fara warware min shi wata Ba'amurkiya ce, Louise Rosenblatt, da ta fara rubutu a kan wannan tun 1938 ta kuma faɗaɗa shi a 1978. Ita cewa ta yi ma'ana ba a kwance take cikin takarda tana jiran a tono ta ba, tana samuwa ne lokacin da wani mai karatu, da tarihinsa da damuwarsa, ya haɗu da wani rubutu. Ta kuma raba karatu iri biyu, akwai karatun kwasa, irin wanda kike yi wa takardar magani don ki san sau nawa za a sha, akwai kuma karatun ɗanɗano, inda abin da kike ji a ranki lokacin da kike karantawa shi ne maƙasudin. Kukanta da makarantu shi ne ana ba yara rubutun ɗanɗano sannan a yi musu tambayoyin kwasa. Yarinya tana cikin jimamin mutuwar wani a labari sai ki ce ta kawo sigogin tauraro guda uku, ai dole ta yi shiru.

Kalmar me ya sa ɗin ma da kanta matsala ce. Aidan Chambers, marubucin littattafan matasa ne ɗan Ingila kuma tsohon malami, shi da wasu malamai sun lura cewa da an ce wa yaro me ya sa sai ya ji kamar tuhuma ce, kamar akwai amsa ɗaya a aljihun malam. Sai suka koma cewa faɗa min. Faɗa min abin da ya burge ka, faɗa min abin da ba ka so ba, ina ne ya ɗaure maka kai, ka lura da wani abu da yake ta dawowa? Na gwada wannan da kaina, kuma tambayar ina ne ya ɗaure maka kai ita ta fi buɗe baki, don ko ɗalibin da ke ɓuya a layin baya yana da abin da bai gane ba, kuma sau da yawa inda ya ɗaure musu kai nan ne marubucin ya binne abin da yake son faɗa.

Kwafe labari a jarrabawa kuma, wani ɓangarensa shekaru ne. Arthur Applebee ya bi yadda fahimtar labari ke girma daga shekara biyu zuwa goma sha bakwai, aikin ya fito a 1978. Ya tambayi yara 'yan shekara shida a Landan ina Sindirela, tauraruwar wata tatsuniyar Turawa, take zaune, za a iya kai mata ziyara? da yawansu suka ce eh tana nan amma da nisa, 'yan shekara tara kuwa yawanci sun san labari ne kawai. Ya kuma ga cewa in ka ce wa ɗan shekara shida ya yi magana kan labari sai ya sake ba ka shi, ɗan tara ya taƙaita, sai wajen sha uku ake fara tona yadda aka gina shi da dalilan mutanen ciki, wajen sha bakwai kuma a fara cewa wannan labarin yana magana ne kan rayuwa gaba ɗaya. Ba dutse aka sassaƙa ba, wani yaron yakan riga wani, amma in 'yan ajin farko na sakandare kike koyarwa to suna bakin gaɓar ne, kuma ba za su haye ba sai sun yi ta yin sharhin da baki kafin a ce su yi shi da biro.

TAMBAYA: Salam Anti. 'Yata shekararta sha biyar, ba ta da aiki sai karatun labaran soyayya a waya har tsakar dare. Babanta ya ce a ƙwace wayar. Ni kuma ina ganin ai gara ita tana karatu. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Kin sa ni tsakiyar mata da miji, toh Allah ya fid da ni. Tsakar daren nan dai babanta ya fi ki gaskiya, barci ba abin wasa bane ga 'yar sha biyar. Amma karatun kansa kada a kashe shi, don abu ne da yake wuyar samu. A binciken PISA na 2009, wato gwajin auna ilimi da ake yi wa 'yan shekara sha biyar a ƙasashe da dama, kashi 37 cikin 100 na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar OECD, wato ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, sun ce su sam ba sa karatu don jin daɗi. A Birtaniya ma wata ƙungiyar yaƙi da jahilci da ke tambayar yara duk shekara ta samu a 2024 cewa kusan ɗaya cikin uku ne kacal na 'yan shekara takwas zuwa sha takwas suka ce suna jin daɗin karatu a lokacin hutunsu.

Alice Sullivan da Matt Brown a Landan sun bi bayanan yara wajen 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970, suka ga waɗanda ke karatun nishaɗi sun fi ci gaba tsakanin shekara goma da sha shida, a yawan kalmomi da rubutu daidai, har da lissafi. John Jerrim da Gemma Moss kuma da suka tona alƙaluman PISA sun ga masu yawan karanta ƙagaggun labarai su suka fi maki a fahimtar karatu, fiye da masu karanta mujallu ko jarida. Sai dai a yi hattara, irin wannan binciken yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, bai yanke cewa wannan ne ya haifi wancan ba, ta yiwu wanda karatu ya zo masa da sauƙi ne tun farko ya fi son dogon labari.

Ita waya fa? Masana a Jami'ar Balensiya ta Sifen sun tattara bincike 54 a 2018 suka kwatanta karatu a takarda da karatu a fuskar na'ura. Takarda ta ɗan fi, amma a rubutun bayani ne irin na makaranta da kuma in an ƙayyade lokaci, a labari kuwa ba su ga wani bambanci ba. Kenan matsalar wayar ba fahimta bace, matsalarta ba ki san me ke ciki ba, don abin da ake sakewa a intanet ba wanda ya tace shi, kuma wasu ba na 'yar sha biyar bane ko kusa. Ki ce ta ba ki wanda ta fi so ki karanta, da gaske fa ba don kama ta ba, sannan ki tambaye ta ita tana ganin tauraruwar ta yi wayo ko ta yi wauta. Za ki sha mamaki, 'yan matan nan sau da yawa suna karantawa suna zagin tauraruwar a zuci. In kuma kika tarar da ƙazanta, kin ga yanzu kina da hujjar magana wadda ta wuce kawo wayar nan.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'a ina son yin aikin kammala digiri a wannan fannin. Amma Anti ta yaya mutum zai san abin da ke cikin kan yaro? Ba abin da babba ke so kawai zai faɗa ba?

AMSA: Ɗana ka riga ka kama bakin zaren, don wannan ita ce damuwar kowa a fannin. Shi ya sa ba a dogara da tambaya kaɗai. Evelyn Arizpe da Morag Styles da suka yi aiki da yara 'yan shekara huɗu zuwa sha ɗaya a Ingila kan littattafan hotuna, bayan hira sai suka ba su takarda su zana, kuma yaran da malamansu ke ɗauka ba su iya karatu ba, har da waɗanda Turanci ba harshen gidansu bane, sun nuna a zanen sun ga abubuwan da bakinsu bai iya faɗa ba. Wasu masu binciken sukan ajiye rikoda su bar yara su yi gardama a tsakaninsu, wasu su kalli wasan da yara ke yi bayan an rufe littafi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, ka duba sunayen da na ambata yau, Amurka, Ingila, Kanada, kusan duk yara masu jin Turanci. Shirley Brice Heath ta zauna kusan shekara goma da wasu al'ummomi biyu na ma'aikatan masaƙa a yankin Karolina na Amurka, 'yan mil kaɗan ne tsakaninsu, ta tarar a ɗaya in yaro ya ƙara gishiri a labari ƙarya ya yi, a ɗayar kuwa wanda ya fi iya ƙawata labari shi ake saurara, kuma duka biyun da suka shiga makaranta sun sha wahala don malamai wani salon na uku suke jira. In haka ta faru a cikin yanki ɗaya, to kada ka ɗauko matakan Applebee ka kifa wa yaran da za ka yi aiki da su kamar kwano. Ka nemi izinin iyaye da na makaranta a rubuce, ka nemi na yaran su ma, ka canza sunayensu a rahotonka, ka zaɓi littafi ɗaya ko biyu da yara kamar goma, kada ka ce sai ɗari. Ka yi hirar da harshen da suke faɗa da shi a filin wasa. Kuma in ka kunna rikoda ka koyi yin shiru, don ranar da na fara sauraron nawa kaset ɗin, muryata na ji ta cinye fiye da rabinsa.